Ranar Da Kabejin Ƙauyenmu Ya Bi Teku

Shafi na 19

Masu cewa na ɓace, to ga ni. Barkono ne ya ci min hannu, ko waya ban iya riƙewa da kyau ba. Ke kuma da kike turo min "ina ci gaba" tun kafin in wanke fuska, na gan ki, ki gyara zama.

Sabbin shigowa, kada ku ishe ni da tambaya, ga inda muke. Ni ce Dasom. Na bar aikin ofis a Seoul na dawo ƙauyenmu Solbawi, na karɓi ɗakunan baƙi na Innata. Kowa a gaɓar nan yana rufe ƙofa da zarar zafi ya wuce, ni kuwa na ce lokacin ma zan buɗe: da safe a hau raƙuman ruwa a kan allo, da yamma a yi yoga. Lokacin kaka ya wuce lafiya, a baranda muke shimfiɗa tabarmi. Yanzu sanyi ya shigo, baranda ta gagara, kuma ɗaki ɗaya ne a ƙauyen nan mai faɗi da daɓe mai ɗumi, wato zauren taro. Makullinsa na rataye a wuyan Shugaba Okbun, shugabar matan ƙauye. Ta ce za ta ba ni amsa ranar gayyar haɗa kimcin shekara, wato kabejin da muke shafe wa barkono mu ajiye ya yi tsami. Inna kuma ta riga ta yanke nata hukuncin: in babu makulli, in tattara in koma Seoul, kujerata ta ofis na jirana zuwa ƙarshen wata.

To ranar ce ta zo.

Tun jiya da yamma aka sa kabejin a teku. Mu nan ba ma ɓarnar gishirin shago. A tsaga kabeji biyu, a cusa a buhun raga, a ɗaura masa ƙwallon masunta, a zura shi gefen katangar jirage ya kwana yana shan ruwan gishiri. Na kusan duk gidajen ƙauyen ne a igiya ɗaya, abin da za a ci har sanyi ya fita.

Ina tsaye ana ɗaurewa na ce iskar arewa na tafe, ruwa zai tashi, ko a matsar da buhunan ciki kaɗan. Shugaba ko kallona ba ta yi ba. Ta ce tun kafin a kawo Innata ƙauyen nan take jiƙa kabeji a wurin, kuma iskar da nake tsoro ita suke jira, don kimci ba ya daɗi sai hanci ya fara yoyo. Mata suka kwashe da dariya. Innata ma ta yi, har da tafa hannu, don in san ɓangaren da take.

Abin da ban faɗa ba, ni ma iskar nake jira. Ita ke tayar da raƙuman ruwan da na yi wa baƙina alkawari.

Da safe muka sauka bakin ruwa, ni da baƙina shida, kowa cikin baƙar rigar roba da allo a hammata. Jama'a, ku masu zuwa a Agusta ba ku taɓa ganin tekun nan ba, bayan mutane da laima kawai kuka gani. Rairayi tun daga nan har gindin dutse babu sawun kowa sai na tsuntsaye. Raƙuman ruwa na shigowa a jere, dogaye masu santsi, kowanne na jiran ɗan'uwansa ya gama. Ruwan ma ya fi iska ɗumi, don bai gama sakin zafin da ya sha ba.

Gyuri, nas ce a wani asibiti a Seoul, zuwanta na uku ke nan, ta tsaya tana murmushi ita kaɗai. Manaja Pyo kuwa, ɗan hamsin da ɗoriya mai tumbi a gaba, yana ta kokawa da zif ɗin rigarsa. Tunda ya zo bai taɓa miƙewa a kan allo ba. Ya sha ruwan tekun nan har na fara tsoron kada ya ƙarar mana da shi, amma kullum shi ne na farko a bakin ƙofa.

Muna cikin miƙe jiki muka ji ƙarar baro. Shugaba ce a gaba, da wandon aiki mai furanni da jar safar roba har gwiwar hannu, makulli na lilo a ƙirjinta. Mata na biye da ita za su je jawo buhuna. Hanyar katanga ta gabanmu ta bi, babu wurin ɓuya.

Muka rusuna muka gaishe ta. Ta tsaya ta ƙare wa baƙina kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Dasom."

"Na'am, Shugaba."

"Waɗannan ba su da gida ne?"

"Hutu suka zo."

"Hutu a Nuwamba. Mai hankali da zafi yake hutu, ya koma, mu share bayansa."

Na buɗe baki, ta ɗaga min hannu. Ta ce bari ta rage min wahalar jira zuwa yamma. Wata biyun zafi ba sa barci saboda kiɗa. Motoci su toshe hanyar da motar kifi ke bi, a yi wa mutum fitsari a gindin katanga, a bar musu kwalabe a rairayi, su tsofaffi su sunkuya su tsince. Suna haƙuri ne kawai don 'ya'yansu na cin abinci a ciki.

"Amma in sanyi ya zo, ƙauyen namu ne. Mu ji ƙarar tekunmu, mu kwanta a zaurenmu mu gasa baya. Shi ma kina so ki sayar?"

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye muku ba. Ba ƙarya ta yi ba, ni ma na tsinci kwalaben nan tun ina 'yar firamare.

Gyuri ce ta matso ta haɗa hannuwa a gaba. Ta ce Shugaba ta yi mata afuwa, ita ma abin da ta gudo wa ke nan. Sau ɗaya ta zo a Agusta, ta wuni a hanya cikin cunkoso, ta biya ɗaki kamar za ta saye shi, ta iske teku kwance shame-shame babu abin hawa, ga mutane kamar ƙasa. Kuma ma a asibitinsu masu 'ya'ya ake bar wa hutun zafi, irinta sai yanzu.

"Tunda na zo nake barci ba da magani ba, Kaka. Abin da na zo nema ke nan."

Shugaba ta taɓe baki.

"Barci ai akwai shi a Seoul. Ku ne ba kwa kashe fitila."

Na kalli Inna ko za ta sa baki. Ta ɗauke kai tana gyara safar hannu. Har na fara tunanin wace jaka zan fara ɗaurewa.

Sai wata da ta riga su isa katanga ta kurma ihu.

Igiya ta tsinke. Dutse ya kwana yana goga ta har ta rabu. Buhunan kabeji kuwa ga su can, ƙwallayensu na tsalle a kan ruwa, sun bi magudanar da ke fita ta gefen katanga suna tafiya abinsu.

Jiragen ƙauye duk sun fita tun asuba, wanda ya rage injinsa a kwance yake. Wata ta zauna daɓas a rairayi ta ɗora hannu a ka. Ba kabejin da za a ce a je kasuwa a sake saya ba ne, shukar hannunsu ce tun ƙarshen zafi, kuma barkono da tafarnuwa da citta an riga an niƙa suna jira a robobi.

Ban san lokacin da na ɗaura igiyar allo a ƙafata ba. Magudanar da ta kwashe kabejin, ita muke bi kullum ta fitar da mu bayan raƙuma ba wahala. Na ce Gyuri da samari biyu 'yan jami'a da suka ƙware su biyo ni, sauran su tsaya inda ruwa ke kai ƙugu su riƙa karɓa. Manaja Pyo na ja masa kunne kada ya kuskura ya wuce nan. Ya ce to.

Inna ta cafko hannuna, idonta ya yi rau-rau.

"Ke, kabeji ne fa kawai."

"Na sani, Inna."

Ta ƙara matse hannun, ta yi ƙasa da murya.

"To ki fara da namu, mai jan ƙyalle."

Uwa ke nan. Na yi dariya har ruwa ya shigar min hanci.

Buhun da ya kwana a ruwa ya fi ƙato nauyi, ba ya ɗaguwa kan allo. Sai dai ki kama bakin igiyarsa ki cije, ki yi ta tuƙi da hannu gefe-gefe har ki fitar da shi daga magudanar zuwa inda raƙuma ke karyewa. Daga nan ruwa ne zai ƙarasa aikin, ya turo shi rairayi da kansa. Muka yi ta zirga-zirga. Da na ɗago kai, sai na ga matan ƙauye sun naɗe wando sun shigo har gwiwa, sun yi layi da baƙina, buhu na wucewa daga hannu zuwa hannu. Kowace na nuna nata tana kiran sunan gidanta, kamar dai kabejin zai amsa.

Buhu ɗaya ya fashe, kabeji ya watsu a kan ruwa. Ina waiwayawa na hango Manaja Pyo, wanda ya ce min to, ya wuce inda na hana shi. Yana durƙushe a kan allo, ya rungumo ɓarin kabeji a ƙirji, ga wani raƙumi ya taso masa ta baya. Na ƙwala masa kira ya kwanta. Ina, bai ji ba. Ruwa ya ɗauki allon, shi kuma don kada kabeji ya kuɓuce sai ya yunƙura ya ɗaga shi sama.

Ya miƙe.

Kullum matsalarsa kallon ƙafa, na yi faɗa har na gaji. Yau da yake matan bakin ruwa yake kallo, sai ga shi tsaye cak, tumbi a gaba, baki a buɗe, kabeji a sama. Haka ruwa ya kawo shi tiryan-tiryan har rairayi, ya zubar da shi a gaban Shugaba. Ya tashi a kan gwiwa yana haki, ya miƙa mata kabejin da hannu biyu. Ita ma kafin ta tuna tana fushi, ta karɓa da hannu biyu har da ɗan rusunawa.

Bakin teku ya kaure da dariya. Wadda ta zauna daɓas ɗazu har da birgima. Manaja Pyo kuwa yana ta tambayar ko wani ya ɗauka a waya, don matarsa ba za ta yarda ba. Babu wanda ya ɗauka, hannun kowa na kan buhu.

Buhu ɗaya kawai ya tsere mana, shi kam mun bar wa kifi. Ni daɗi ya cika ni har na manta da maganar makulli.

Aka ɗauraye kabeji aka jera shi ya tsane a harabar zaure. Baƙina suka yi wanka suka sa kaya, suka tsaya can nesa da ƙofa suna leƙe, don sun ji abin da aka faɗa da safe. Shugaba ta buɗe zaure, mata suka fara shiga, ta juya za ta ja ƙofa.

Kaka Sunrye, wadda ta fi kowa tsufa a ƙauyen, ta buga sandarta a ƙasa.

"Okbun, hannun da ya taɓa kabejin gayya fa?"

Kowa ya san ƙarshen maganar: yana da wuri a tabarma, yana da rabo a tukunya. Kuma babu mai tsare dokar nan kamar Shugaba. Ita ce ta taɓa zaunar da mai kawo wasiƙa wuni guda don ya taya ɗaga roba ɗaya, ya koma ofis da jan hannu da kwano a bayan babur.

Ta kalli Kaka Sunrye, ta kalli baƙina, ta yi ƙwafa.

"Ku cire takalmi. Na yau ne kawai."

Wayyo daɓen nan. Kina taka shi ɗumi zai bi tafin ƙafarki ya hau har wuya. Gyuri ta kalle ni, na kalle ta. An shimfiɗa leda a tsakiya, an tula jan haɗi, kowa ya samu wuri a kewaye. Aka raba wa baƙina safar roba, aka nuna musu yadda ake ɗaga ganye ɗaya-ɗaya a shafa a naɗe.

Kafin a cika roba biyu an zama 'yan gida. An tambayi Gyuri shekarunta da albashinta da dalilin da ya hana ta aure, an kuma samo mata miji har biyu, ɗaya mai jirgi ɗaya mai shagon taya. Samarin jami'a an mayar da su 'yan dako. Manaja Pyo yana lafta haɗi kamar na gidansu ne, wata ta buge masa hannu ta ce a ofis ma haka yake ɓarna? Ya ce a ofis babu mai buge masa hannu, shi ya sa. Ana yi ana yago ganye a naɗe da dafaffen nama a cusa wa na kusa a baki, don mai jan hannu ba ya ciyar da kansa. Barkono ya sa kowa hawaye, ga dariya, ga tururin miyar kifi daga kicin.

Shugaba dai ba ta dariya. Tana aiki tana bin kowa da ido, har idon ya tsaya a kan Inna.

Ku da kuka daɗe da ni kun san Innata da ciwon ƙugu. Shekara da shekaru ba ta tsugunno. Tana da 'yar kujerar roba da sunanta a jiki, duk gayya a kanta take zama a miƙo mata aiki. To yau ga ta tsugune a ƙasa tun da aka fara. Da roba ta cika kuma ta miƙe, ta sunkuya ƙafa a miƙe, ta ja numfashi ta hanci ta sake shi a hankali da ɗan sauti, ta ɗaga robar cak.

Numfashin nan nawa ne, haka nake koyar da shi.

"Maman Dasom."

"Na'am, Yaya."

"Ina kujerarki?"

"Na... na manta ta a gida."

"Kin manta ta. Ƙugun ma kin manta shi a gida?"

Inna ta fara kame-kame, wai wani man shafawa ne ta samu a kasuwa. Gyuri kuwa, baiwar Allah, ba ta san dawan garin ba. Ta ɗago da fara'arta ta ce ai Inna ta fi su duka iya sunkuyo. Kafin sanyi, kullum da yamma in muna yoga a baranda tana hango ta ta tsagar ƙofar kicin, ta shimfiɗa tawul tana bin mu tiryan-tiryan, ta ɗauka ma na sani.

Ban sani ba. Na rantse muku ban sani ba. Matar da ke ce min na bar aikin mutunci na zo ina koya wa mutane birgima.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Inna ta ajiye robar, fuskarta ta fi haɗin ja.

"To na yi. Ƙuguna ne ai, ba na gayya ba."

Wata ta tuntsire da dariya, ta yi saurin toshe baki da gwiwar hannu. Shugaba ta juya kanta. Matar ta sunkuyar da kai ta ce ita dai sau biyu kawai ta je. Ina? Rumfar shanya kifi ta bayan gidanmu, wai Maman Dasom ke koya musu in na tafi teku da baƙi. Ta kusa da ita ta ce ita don wuyanta ta je. Ta gaba ta ce ita rakiya ta yi. Kafin ka ce kwabo rabin zauren ya amsa laifi. Kaka Sunrye ta ajiye sanda, ta ɗaga hannu biyu sama har suka haɗu, ta ce rabonta da taje kanta da kanta tun kafin jikanta ya tafi soja, yanzu kuwa ga shi.

Zaure ya ɗauki shewa. Ni ina dariya ina hawaye, kuma wannan karon ba na barkono ba ne.

"Inna, to me ya sa kike kora ta Seoul?"

Ba ta kalle ni ba. Ta ɗauki wani kabeji tana shafa masa haɗi.

"Don kada ki tsufa kina wanke zanen gadon baƙi kamar ni. Har gobe ina tsoron haka. Ƙuguna ne dai bai san da wannan ba."

Na so in rungume ta, amma duk mu biyu ja muke har gwiwar hannu. Sai na jingina kaina a kafaɗarta, ta ture ni ta ce in yi aiki.

A nan muka lura Shugaba ta daina shafa. Ta ɗora hannuwa a kan gwiwa. Dariya ta mutu da kanta. Ta dubi Kaka Sunrye.

"Ke ma, Kaka?"

"Ni ma."

"Ni kaɗai ke nan."

Inna ta matsa kusa da ita ta ce Yaya ta yi haƙuri, tsoronta suke, sun san ba ta son abin.

"Wa ya tambaye ni? Ni ma ina da baya ai. Ko kun ɗauka itace ne?"

Tausayinta ya kama ni. Matar nan ita ke tashi kafin kowa ta kunna ɗumin zaure, ita ke bi gida-gida in an kwana biyu ba a ga tsohuwa ba. Ashe ana can rumfar kifi ana dariya ba ita. Na ce Shugaba, in tana so, ko yau da yamma zan nuna mata na baya, ba sai da makulli ba. Da zuciya ɗaya na faɗa.

Ta kalle ni. Sannan ta yago ganye mai kyau daga tsakiyar kabeji, ta ɗora yankan nama, ta naɗe. Mata suka fara taɓa juna. Shugaba ba ta cika ciyar da mutum da hannunta ba, in ta yi kuwa magana ta ƙare. Inna ta matse min cinya.

"Buɗe baki."

Na buɗe. Ta cusa min loma ƙatuwa, da gangan, har kumatuna suka cika. Ga zafi ga daɗi, ga shi ba halin magana.

"Yauwa. Yanzu ki saurara, tunda bakin ya samu aiki."

Ta cire safar hannu ɗaya, ta kama makullin da ke ƙirjinta. Ta ce birgimar ɗaki ta ji shaida, ba ta musu. Amma mutanen nan ba don birgima kawai suke zuwa ba, ruwa suke shiga, cikin sanyi, lokacin da babu mai gadin teku ko ɗaya. In wani ya tafi bai dawo ba, ba sunana za a kira ba, sunan Solbawi za a kira. Ita kuma ba ta taɓa ba wa mutum kimcin da ba ta ɗanɗana ba.

"Gobe da safe ki kawo min rigar roba daidai jikina, da allo. In na miƙe a kansa kamar mai tumbin can, makulli naki ne har sanyi ya fita. In ban miƙe ba, ni da kaina zan raka ki tasha."

Na zaro ido. Na yi ƙoƙarin haɗiyewa, loma ta ƙi wucewa. Ina ta girgiza kai ina nuni da hannu, matar nan ta haura saba'in, Manaja Pyo ma sai da ya kusa shanye teku. Shi kuwa gogan har ya fara tafi, Gyuri ta riƙe masa hannu.

Inna ce ta miƙe tsaye.

"Yaya, wace irin magana ce wannan? Ke da ruwa bai taɓa wuce miki gwiwa ba. Ba ki iya iyo ba fa."

Shugaba ta mayar da makullin cikin riga, ta ja safar hannunta, ta ɗauki wani kabejin.

"Na sani. Ba ta ce ta iya koyarwa ba?"